Zumar Mapul ta Kanada: Ribar da Ke Zurarewa ta Bangon Murhu

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Fabrairu zuwa watan Afrilu, manoma a lardin Kwibek na ƙasar Kanada da kuma jihar Vermont ta Amurka sukan huda jikin itatuwan mapul, su tatsi wani ruwa garai mai ɗan zaƙi, su dafa shi har ya koma zuma mai kauri da Turawa ke zubawa a kan abincin karin kumallo. Lardin Kwibek shi kaɗai ke samar da kimanin kashi 70 cikin 100 na wannan zuma a duniya. Sana'a ce ta makonni huɗu zuwa shida kacal, domin ruwan ba ya zuba sai a lokacin da dare ke ƙanƙara, rana kuma ta ɗan yi ɗumi.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi a nan shi ne yawan ruwan da ake kora. Sukarin da ke cikin ruwan itacen bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, alhali zumar da doka ta yarda a sayar sai sukarinta ya kai kashi 66. Saboda haka sai an dafa kimanin lita 40 kafin a sami lita ɗaya. Sauran lita 39 tururi ne, kuma kowane ɗigo daga cikinsu da makamashi ake korar sa. Mai wannan sana'a, in an dubi littafin kuɗinsa da kyau, aikinsa sayen zafi ne da sayar da sukari.

Ƙananan masu sana'ar da yawa da itacen wuta suke aiki har yau. Murhun nasu wani dogon akwati ne na ƙarfe, wuta a gaba, bututun hayaƙi a baya, a sama kuma an ɗora faffaɗan kasko wanda ruwan ke bin layi-layi a cikinsa yana ƙara kauri. Tsohuwar ƙa'idar da suka daɗe suna lissafi da ita ita ce, tulin itace guda, wanda a ma'auninsu ya kai kimanin mita 3.6 na kubik, yana ba da galan 25 na zuma, watau wajen lita 95. Idan aka gwada zafin da ke cikin wannan tuli da zafin da ake bukata don tafasa ruwan da mayar da shi tururi, za a ga cewa fiye da rabin zafin bai taɓa shiga kasko ba. Wani ya bi bututun hayaƙi, wani ya fita ta bango da ƙofa ya ɗumama rumfa da ƙafafun mai dafuwa.

Matsalar ita ce wannan asara ba ta bayyana a rasit. Manomi a dajinsa yake saran itace, don haka yakan ɗauka kyauta ne. To amma sara da faskare da jigila da shanyawa na tsawon shekara guda duk ƙwadago ne, ga man zarto da na tarakta, ga kuma kuɗin da zai samu da ya sayar da itacen a kasuwa. Wannan na ƙarshe shi ne abin da masana tattalin arziki ke kira tsadar damar da aka bari, kuma shi ne kuɗin da ƙananan masana'antu suka fi mantawa da shi a ko'ina.

A Kwibek akwai ƙarin dalili. Ƙungiyar masu samar da zumar ta lardin, wadda aka kafa a 1966, ita ke sasanta farashin sari da manyan masu saye a madadin mambobinta, ta kuma kafa rumbun ajiya a 2000, sannan aka shigo da tsarin ƙayyade wa kowa adadin da zai samar a 2004. Darajar wannan haja ta kai matsayin da tsakanin 2011 da 2012 ɓarayi suka kwashe kusan tan 3,000 daga ma'ajiyar ƙungiyar, abin da aka ƙiyasta a kan dalar Kanada miliyan 18 da 'yan kai. To, wanda aka yanke masa farashi, aka kuma yanke masa adadi, ba shi da wata ƙofar ƙara riba illa rage abin da yake kashewa.

Gyaran da ake magana a kai ba shi da wani sirri. A ɗakin wuta, ana fara manna wa bangon ƙarfe bargo ko allo na zaren yumɓu, irin wanda ke jure zafin da ya kai digiri 1,260 a ma'aunin Salshiyos, sannan a jera bulo mai jure wuta a gabansa. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton bulo kaɗai ya wadatar. Bulo mai nauyi yana shan zafi ya riƙe, sannan ya miƙa shi ga ƙarfen da ke bayansa. Amfaninsa shi ne kare bargon daga dukan faskare da ake jefawa kowane minti biyar zuwa goma. Bargon ne ke hana zafi fita. A can baya kuwa, ƙarƙashin kaskon farko, ana cike ƙasan murhun da wani ma'adini mara nauyi da ake kira bamikulait, a ɗaga shi har ya rage 'yar tazara kaɗan, ta yadda harshen wuta ba shi da hanyar wucewa sai ya goga da gindin kasko. Wasu kan zuba yashi saboda arha, amma yashi yana riƙe danshi, kuma danshi ke cin ƙarfe a watanni goman da murhun ke zaune ba aiki. Daga nan sai a toshe tsakanin kasko da bakin murhu da igiyar zaren da ba ta ƙonewa, a kuma yi wa ƙofa rufi daga ciki, domin duk iska mai sanyi da ta kutsa ta wata kafa wutar take sanyayawa.

Amfanin wannan aiki biyu ne, kuma na biyun ya fi na farkon girma. Zafin da ke fita ta bango yana raguwa. Sannan ɗakin wutar da ya tsare zafinsa yana ƙone hayaƙin itacen kansa, wanda a murhu mai sanyi yake tashi sama baƙi ƙirin ba tare da ya yi wa kowa aiki ba. Baƙin hayaƙi a bakin bututu makamashi ne da aka biya kuɗinsa aka zubar. Tafasa takan yi sauri, kuma sauri yana da farashinsa, domin ruwan mapul da ya daɗe a tanki yana jiran wuta lalacewa yake farawa, zumarsa ta yi duhu, ɗanɗanonta ya canza.

Akwai masu cewa wannan duk tsohon zance ne, tunda tun daga shekarun 1970, bayan tashin farashin mai na 1973, aka shigo da na'urar da ke tace ruwan da matsi, ta cire kashi uku cikin huɗu nasa ko fiye tun kafin a kunna wuta. Gaskiya ne, kuma babu wani bargo da zai yi gogayya da ita, domin bargo ba ya rage lita 39 ɗin nan ko da cokali ɗaya. Babbar masana'anta da ba ta da na'urar ba za ta daɗe a kasuwa ba. Sai dai na'urar tana bukatar jari da lantarki da ɗaki mai ɗumi da wankin matatarta a kai a kai, kuma ragowar ruwan da ta bari dole ne ya hau wuta, domin wuta ce ke ba zumar launinta da ƙamshinta. Ga mai itatuwa ɗari ko ɗari biyu, tsarin hankali shi ne ya fara da abin da ya fi arha: busasshen itace da danshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, sai rufin murhu, sannan a yi zancen inji. Abin takaici shi ne masu ba da rance, a ko'ina suke, sun fi sakin jiki da injin da za su iya ƙwacewa su sayar, a kan bargon da aka binne bayan bulo.

Dole a ambaci haɗari biyu. Ƙurar zaren yumɓu tana cutar da huhu, kuma hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da ka iya jawo cutar, don haka sai da takunkumi ake yanka shi, a kuma rufe shi kada ya zauna a fili. Har ila yau murhun da aka rufe da kyau yakan ci gaba da tafasa ruwa bayan an daina sa itace. Zurfin ruwan a kasko bai wuce santimita biyar ba, kuma wanda bai ajiye ruwan ko-ta-kwana ba yana iya ƙona kaskon da ya fi duk sauran kayan rumfar tsada.

A Nijeriya babu itacen mapul, amma akwai masu wannan lissafi ba su sani ba. Masu dafa ruwan rake su yi mazarƙwaila a yankin Maƙarfi ta Jihar Kaduna, da masu turara shinkafa a Kura ta Jihar Kano, da matan da ke dafa gishiri a Keana ta Jihar Nasarawa, dukansu ruwa suke tafasawa a kan wuta don su sami abin sayarwa. Ba sai sun nemi zaren yumɓu daga ƙetare ba. Tubalin da aka kwaɓa da ɓuntun shinkafa ko garin katako, in aka gasa shi, ɓuntun yakan ƙone ya bar ƙananan ramuka na iska, kuma waɗannan ramuka su ne ke tare zafi. Toka ma, in an cusa ta tsakanin bango biyu aka kare ta daga ruwan sama, tana yin kusan wannan aiki.