Bayan tiyatar ƙirji, kwana na biyu ya fi ba mu tsoro

A wajen dangi, da zarar an fito da majinyaci daga ɗakin tiyata ya buɗe ido, magana ta ƙare, sai barka da arziki. Mu ma'aikatan jinya kuwa a lokacin muke ɗaura ɗamara, domin zuciyar wanda aka buɗe wa ƙirji ta fi rikicewa a kwana na 2 zuwa na 3. Ɗakunanta na sama sukan daina bugu a tsare, su koma karkarwa. Ka taɓa jijiyar wuyan hannunsa, sai ka ji bugun yana gudu yana tsallake. Wani yakan ce, "Sista, gabana ke faɗuwa." Wani ba ya jin komai, sai na'ura ta nuna.

Kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda aka yi wa aikin zuciya kan gamu da wannan. A aikin huhu kuma, gwargwadon abin da aka cire gwargwadon haɗarin: cire huhu guda ɗungurungum ya fi cire ɓangarensa. Sau da yawa rikicewar bugun takan lafa, amma jinin da ya kwanta a zuciya na iya daskarewa, gudan ya haura ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin, shekaru ne kan gaba, musamman bayan 60. Sai hawan jini, raunin zuciya, ƙiba, daɗaɗɗen ciwon huhu na masu shan sigari, da munsharin da ke yanke numfashi cikin barci. A nan Arewa muna da ƙari: ciwon maƙogwaron ƙuruciya da ba a yi wa magani ba, wanda kan lalata bawul ɗin zuciya har ɗakin hagu na sama ya buɗe. Irin waɗannan marasa lafiya matasa ne, amma zuciyarsu ta riga ta gaji.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke hannunmu. A ce da dattijo kada ya ci komai daga tsakar dare, sai ya ajiye har ƙwayar atenolol ɗinsa, alhali yanke irin wannan magani farat ɗaya na tunzura zuciya. Laifin namu ne idan ba mu fayyace masa wanda zai sha da wanda zai bari ba. Mai shan Lasix kuma fitsari kan kwashe masa sinadarin fotasiyam da magnesiyam, ƙarancinsu kuwa na rikita bugu. Ga jiƙe-jiƙen da ake ɓoye wa likita, ga giyar da kunya ke hana faɗa. Har dauriyar da muke yabo tana da illa a nan. Baba yana kwance raɗaɗi na cinsa, ya ƙi neman allura don kada a ce ya gaza, ya kasa tari, ya kasa jan numfashi sosai, zuciyar kuma tana ta wahala.

Don haka ina roƙon masu jinya su zo da kowace ƙwaya da kowane ƙullin magani a nuna wa likita tun kafin ranar aiki. Asibitoci kuma kada su yi gaggawar cire wa mai haɗari na'urar lura da bugun zuciya don kawai ya soma shan kunu. A riƙa auna fotasiyam ɗinsa a kwanakin farko, kuma a gaya wa dangi kuɗin gwajin tun da wuri, su tanada kafin a shiga tiyata.