Yaranmu Da Tambayar Tsakure

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafinmu na Hausa in faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai tun da muka komo daga gwajin koyarwa. Ni dai an tura ni wata makarantar sakandare ce a unguwar Nasarawo, nan cikin garin Gombe, aka ba ni darasin adabi a ajin ƙarshe, watau yaran da ke shirin zama jarrabawar fita. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, don abin da na gani can ba nata ba ne ita kaɗai. Da muka zauna hira da 'yan'uwa waɗanda aka tura wasu unguwanni, sai na tarar kusan kowa labarinsa ke nan.

Ga yadda abin ya faru. Ran nan na shirya wa yaran ɗan gwaji. Na kwafo rabin shafi daga littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, daidai wurin da fadawa suka je gaban Sarki suka yi wa Makau sharri, suka ce wai ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo a wurin hari. Na zaɓi wannan littafi ne don duk sun san labarinsa. Na rubuta tsakuren a allo, na sa tambaya a ƙarƙashinsa, na ce su nuna yadda marubucin ya bayyana hassada a wannan wuri, sa'an nan su faɗi abin da hassadar ta jawo a sauran littafin. Na ba su minti 40.

Kai, yara sun yi rubutu! Wasu har suka cika shafi uku. Na koma gida ina murna, na zauna bayan sallar lisha na fara dubawa. Ta farko ta fara daga Rauta, inda Shaihu yake ba almajiransa labari. Ta biyu ma haka. Aka bi da ni Kagara, aka kawo maganar kura, aka kawo Balarabe Abdulkarim, aka ƙetare hamada har Masar, aka komo. Labari dai daidai, ba kuskure. Amma rabin shafin nan da na ɓata alli na rubuta a allo, sai ka ce ba a gabansu yake ba. Makau ya sami layi biyu ko uku, fadawa ko layi ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki.

Yarinya ɗaya ce ta tsaya kan tsakuren, takardarta kuwa ba ta kai shafi ɗaya da rabi ba. Ta ce ta lura fadawan baki ɗaya suke magana, su da yawa, shi kuwa Makau shi kaɗai ne, kuma yawan nan nasu shi ya sa ƙarya ta yi nauyi a kunnen Sarki. Ta kawo kalmomi biyu daga cikin abin da ke allo ta kafa hujja da su. Daga nan ta fita cikin littafin, ta ce da ba a kori Makau ba, da uwar Umar ba ta yi tafiyar da ta bar ɗanta a hannun wata ba, da kuwa ba a sace shi ba. Shi ke nan. Ita na ba maki mafi yawa, har wasu samari suka zo suna gunaguni, wai su da suka cika takarda an ƙware su.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ku da gobe za ku tsaya gaban allo, ra'ayina shi ne wannan: tambayar da aka kawo tsakure a cikinta ita ce ta fi kowace tambaya adalci ga ɗan talaka, amma ita ce yaranmu suka fi faɗuwa a kai, kuma laifin namu ne, mu malamai.

Mu duba dalilin da ya sa mai jarrabawa yake kawo tsakure. Ya san labarin littafin, ya fi yaron saninsa, ba ya bukatar a sake ba shi. Abin da yake so ya gani shi ne ko yaron nan in an ajiye masa magana a gabansa zai iya dubanta ya ce ga wanda ya yi ta, ga wanda aka yi wa, ga halin da ake ciki, ga kuma dabarar da marubuci ya yi har maganar ta taɓa zuciya. Wannan ba a haddace shi. Wanda ya haddace taƙaitaccen labari daga ƙananan littattafan nan da ake sayarwa a kasuwa, ranar da aka ajiye masa tsakure asirinsa ya tonu. Amma yaron da ubansa bai iya saya masa komai ba, in dai an koya masa duban magana, to, ga rabin amsa an buga masa a takardar tambaya. Ina wani adalci da ya wuce wannan?

Abin kuma ba a darasin Hausa kaɗai ya tsaya ba. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, takan kawo tsakure daga wasan Shakespeare a jarrabawar adabin Ingilishi, kamar Othello da aka karanta daga 2016 zuwa 2020, ta kuma kawo waƙa da zube waɗanda yaro bai taɓa gani ba, ta yi tambaya a kansu. A Ingila ma, tun daga jarrabawar 2017, yaran sakandare ba sa shiga ɗakin jarrabawar adabi da littafi. Akan buga musu ɗan yanki daga wasan Shakespeare, a ce su yi sharhi a kansa, su kuma haɗa shi da sauran wasan. Ashe ke nan yaron Nasarawo da yaron Landan abu guda ake nema a wurinsu.

Me ya sa na ce laifinmu ne? Ku tuna yadda aka koya mana adabi, da yadda mu ma muka fara koyar da shi. Malam ya shigo, ya juya baya, ya cika allo: sunan marubuci, shekarar da aka buga littafi, jigo, taurari, darussan da aka koya. Yara su kwafa. Ƙararrawa ta buga. Zango ya ƙare yaro bai buɗe baki ya karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi a aji ba, ba a kuma taɓa tsayar da shi a kan wata kalma an ce, me ya sa marubuci ya ce haka bai ce kaza ba? Ni kaina makon farko haka na yi, don haka na tarar ana yi, kuma ya fi sauƙi. Yaron da aka saba masa da haddar abin da ke allo, ranar jarrabawa abin da ya haddace zai juye, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mu Hausawa mun fi kowa sanin karatun tsakure, sai dai ba ma kiransa da wannan suna. Ku leƙa kowane zaure a Nasarawo bayan sallar asuba ko tsakanin magariba da lisha. Almajiri ya buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya karanta layi biyu ko uku. Malam ya tsayar da shi, ya fassara kalma bayan kalma, ya ce wannan kalma ga abin da take nufi a nan, ga inda maganar ta faro, ga inda za ta sake fitowa a gaba. Ba wanda zai ce wa malaminsa, ai na san labarin littafin gaba ɗaya, a wuce. Da yawa cikin yaran da na koyar suna zuwa irin wannan karatu da yamma, sun saba da shi sarai. Amma da sun sa kayan makaranta sai su ajiye wannan dabara a gida, don ba wanda ya taɓa gaya musu cewa Ruwan Bagaja ma ana iya yi masa irin wannan zama. Ran da na gaya musu haka dariya suka yi. Da muka gwada da wani wuri inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna wayo, har aka tashi ba su so mu tsaya ba.

Na san akwai masu cewa irin wannan tambaya tana sa yara su bar karanta littafi duka, su tsaya jiran ɗan abin da za a buga musu. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta kai ba. Yaron da bai karanta littafi ba, ba zai san inda tsakure ya fito ba, ba zai san abin da ya gabace shi ba, balle abin da ya biyo baya. Yarinyar nan da na ambata, da ba ta san tafiyar uwar Umar ba, da amsarta ta tsaya a rabi. Wasu kuma su ce ina littattafan? Wannan kam gaskiya ne, a ajin da na koyar littafin bai fi a hannun yara kaɗan ba. To, amma ai rashin littafi shi ya fi wajabta karatun tsakure. Rabin shafi ana rubuta shi a allo cikin minti 10. In an yi haka sau biyu a mako, kafin zango ya ƙare yara sun zauna da bakin marubucin kansa fiye da sau 20, ba da bakin mai taƙaitawa ba.

Yadda na riƙa gaya wa nawa yaran su yi, ga shi, ko wani zai amfana. Ka fara karanta tambaya tukuna, ka san abin da ake nema, sa'an nan ka karanta tsakuren sau biyu, fensir a hannu. Karatun farko don ka gane inda kake a cikin littafin. Na biyu don ka ja layi ƙarƙashin kalmomi uku ko huɗu waɗanda suka shafi tambayar. Minti 5 ɗin nan da ka kashe ba asara ba ce, ko da ka ga na kusa da kai ya riga ya cika rabin shafi. In ka fara rubutu, layi biyu sun isa ka faɗi mai magana da wanda ake yi wa da abin da ya kawo maganar. Daga nan sai ka ɗauki kalmomin da ka ja wa layi ɗaya bayan ɗaya, ka kawo kalmar yadda take, ka faɗi aikin da take yi. In tambaya ta ce a duba sauran littafin, ka zaɓi wuri biyu kawai waɗanda suka yi kama da tsakuren ko suka saɓa masa, kada ka kwaso labarin duka.

Akwai wani rami kuma da masu ƙoƙari suke faɗawa, musamman a waƙa. An koya musu sunayen adon harshe, kamance da siffantawa da mutuntarwa da sauransu, sai yaro ya rubuta, a baiti na biyu akwai kamance, ya sa aya, ya wuce. To, sai me? Wannan kamar a tambaye ka yadda aka gina ɗaki ne ka ce akwai azara. Me aka kamanta da me, don me mawaƙi ya zaɓi wannan abu, me ya sa mai sauraro ya ji? Nan makin yake. Wasu kuma sai su sake rubuta tsakuren da nasu kalmomi, su ɗauka sun yi sharhi. Wannan ma juye ne, sai dai daga ƙaramar ƙwarya.

Wani abu da ya kamata mu 'yan kwalejin horon malamai mu riƙe: mutanen da suka rubuta littattafan nan irinmu ne. Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk a Kwalejin Katsina aka horar da su aikin malanta, kuma suna malaman makarantar midil, ɗaya a Katsina ɗaya a Bauchi, suka shiga gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933. Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, shi ma malamin makaranta ne. Mutane ne da suka san yadda magana take faɗawa a kunnen yaro, suka zauna suka auna kalmominsu. Abin kunya ne a ce mu da muka gaji allinsu mu riƙa ba yara labarinsu a taƙaice, mu hana su jin muryarsu.

Saboda haka ina roƙon malamanmu na sashen Hausa da na Ingilishi, kafin a sake tura wani rukuni gwajin koyarwa, a sa kowane ɗalibi ya zo da rabin shafi daga littafin da zai koyar, ya tsaya gaban 'yan ajinsa ya koyar da shi na minti 20, ba tare da ya ba da labarin littafin ba. Ni na riga na zaɓi nawa, daga littafi na farko na Magana Jari Ce, kuma duk wanda yake so mu gwada tare zai same ni a ɗakin karatu ranar Laraba bayan la'asar.