Intabiyun Manyan Kamfanonin Kwamfuta: Gwajin Ilimi Ne Ko Gwajin Hadda?

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu karatun kimiyyar kwamfuta, da yawa daga cikinmu ba su da burin da ya wuce samun aikin injiniyan manhaja a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin Amurka, irin su Google da Microsoft da Amazon. Buri ne mai kyau. Amma kafin mutum ya shiga gida sai ya bi ta zaure, zauren waɗannan kamfanoni kuwa shi ne intabiyu. Ya kamata mu san yadda aka gina shi, da abin da yake aunawa, da kuma abin da ba ya iya aunawa.

Bayan an duba takardun mai nema, akan fara gwada shi ta intanet na kamar minti 45, a ba shi matsala ya rubuta manhajar da za ta warware ta. In ya haye, sai a kira shi ganawa huɗu ko biyar a jere. A yawancinsu zai warware matsala a farin allo ko a kwamfuta, yana rubutu yana bayyana tunaninsa da baki, mai gwaji na zaune yana kallonsa. A Google akwai kwamitin da ke yanke hukunci bisa rahoton masu gwaji, alhali membobinsa ba su taɓa ganin mai neman ba. A Amazon kuwa akan kawo wani ma'aikaci daga wani sashe dabam, wanda ke da ikon hana a ɗauki mutum ko da saura sun yarda.

To, shin wannan sikeli yana auna gaskiya? Tarihinsa ma ya isa ya sa mu yi hattara. A shekarun 1990 Microsoft ta yi suna wajen tambayoyi irin na kacici-kacici, kamar dalilin da ya sa murfin ramin magudanar ruwa yake zagaye. Google ta bi sahu, har zuwa 2013 da shugaban sashen ma'aikatanta na lokacin, Laszlo Bock, ya fito fili ya ce irin waɗannan tambayoyi ɓata lokaci ne, ba sa nuna wanda zai iya aiki. Ke nan shekara da shekaru ana sallamar mutane da ma'aunin da masu shi suka dawo suka yi watsi da shi.

Tambayoyin da suka maye gurbinsu ma ba su tsira daga zargi ba. A 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiro manhajar Homebrew da ɗimbin injiniyoyi ke aiki da ita, ya bayyana cewa Google ta ƙi ɗaukarsa don ya kasa juya wani tsarin bayanai mai kama da bishiya a kan allo. A 2020 kuma masu bincike daga Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa da Microsoft suka raba ɗalibai gida biyu: wasu suka warware matsala su kaɗai a ɗaki, wasu a gaban mai kallo. Ƙoƙarin waɗanda aka sa wa ido ya faɗi da fiye da rabi. Ashe abin da ake aunawa ya haɗa da dakiyar zuciya, ba ilimi kaɗai ba.

Bugu da ƙari, tambayoyin sun zama sanannu. Littafin Cracking the Coding Interview na Gayle Laakmann McDowell da shafin LeetCode sun tara su jibgi, masu nema kan shafe watanni suna bitarsu. Wanda ke da wutar lantarki dare da rana, da intanet mai araha, da lokacin da babu neman abinci a cikinsa, ya riga ya yi wa ɗalibin da ke cajin kwamfutarsa a shagon mai janareta nisa tun ba a busa usur ba.

Duk da haka, ba mu ce a ƙaurace wa gwajin ba. Kamfanin da dubban mutane ke nema dole ya sami hanyar tacewa, kuma wannan hanya, da dukan aibinta, ta fi ta "wa ka sani". Ba a tambayar ɗan wane ne kai. A warware matsala kawai ake so. Mu da muka san yadda takardar babban mutum ke buɗe ƙofar ofis, bai kamata mu raina wannan ba.

Saboda haka shawararmu uku ce. Na farko, ba a fafe gora ranar tafiya: a fara shiri tun daga aji biyu, a kuma nemi fahimtar dalilin kowace dabara maimakon haddace amsa, domin da zarar mai gwaji ya ɗan sauya tambaya sai mai hadda ya yi tsuru-tsuru. Na biyu, tunda idon mai kallo shi ne rabin wahalar, ƙungiyar ɗalibai ta shirya zaman gwaji kowane mako, wani ya tsaya gaban allo yana bayani, saura su yi masa tambayoyi. Allo da alli ba su fi ƙarfinmu ba. Na uku, kada wanda aka mayar ya ɗauka an yanke wa basirarsa hukunci, kada kuma wanda aka ɗauka ya zaci ya shiga tudun mun tsira. A Janairun 2023 Google ta sanar da sallamar ma'aikata kimanin 12,000, Microsoft kuma 10,000, cikinsu har da injiniyoyin da suka haye wannan siraɗi.

Abin da ba a iya sallamar mutum daga gare shi shi ne gwaninta. Mu yi shirin intabiyu kamar yadda muke shirin kowace jarrabawa, amma mafi yawan ƙarfinmu mu zuba shi wajen gina manhajar da ke aiki, wadda asibiti ko makaranta ko ɗan kasuwa zai amfana da ita. Allah Ya ba mu sa'a.