Sharhi: Kayan Sauti Sun Iso Gaya da Ajingi, Saura Iya Saita Su



Duk wanda ya halarci tafsirin azumi ko maulidi ko biki a Gaya ko Ajingi cikin 'yan shekarun nan ya ga yadda kayan sauti suka shigo har ƙauye. Ga lasifikar da ake caji da hasken rana, ga makirufo marar waya, ga ƙaramar miksa da matashi zai ɗaura a bayan babur ya kai ta unguwar da babu wutar lantarki.

A da, mai son a ɗauki muryarsa da kyau sai ya nufi babbar tasha irin Rediyon Kaduna, wadda aka buɗe a 1962, inda aka naɗi waƙoƙin su Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo. Daga baya kaset ya yi zamaninsa. A ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan kiɗa na Kano ya sauya waƙar fim, sannan Freedom Radio ta soma watsa shirye-shirye a 2003. Yau aikin da ɗaki guda cike da na'urori yake yi, kwamfuta ɗaya tana yin sa. Wakili a Ajingi yana ɗaukar muryar manomi da waya, ya tura ta WhatsApp, a sa ta a labaran yamma.

Wannan ci gaba ne, mun gode Allah. Amma kayan sun riga gwanintar isowa, kuma kunnuwanmu ne ke ɗanɗana kuɗarsu.

Ku duba yadda ake yi a wuraren taro. A rataye lasifika a reshen darbejiya, a shimfiɗa wa malam tabarma a gabanta. Makirufo ya kama abin da lasifika ta fitar, ya mayar mata, ita kuma ta sake fitarwa, sai ƙarar nan mai tsaga kunne ta tashi. Yaron da aka bar wa kayan ya murɗa kowane maɓalli har ƙarshe, fitilar miksa ta yi ja, murya ta dagule. Sai kuma a ƙara amsa-kuwwa, harafi ya hau kan harafi, har mai jan baƙi ya karanta aya dattijon da ke sahun baya ya kasa bambance kalmominta. Karatun Alƙur'ani ya fi ƙarfin a yi masa haka.

Ga kuma lafiya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa matsakaicin ƙarfin sauti a wurin taro kada ya wuce desibel 100, tana mai gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji. Ƙwayoyin cikin kunne da ƙara ta lalata ba sa sake tsirowa. A bukukuwanmu kuwa, yara ne ke cincirindo a bakin lasifika.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. A ajiye lasifika gaba da mai magana, tana fuskantar jama'a. Ƙanana uku ko huɗu da aka rarraba cikin fili sun fi babba ɗaya da aka ƙure wa murya. A rage amsa-kuwwa, a bar fitilar miksa a kan kore, a nisanta janareta. Wasu sababbin miksa ma suna da abin da ke danne ƙarar nan mai tsaga kunne da kansa, kuma ana iya saita su daga waya, mai aikin yana tsaye cikin taro yana jin abin da mutane ke ji.

Gaya gari ne da ya san darajar koyon sana'a, domin tarihi ya nuna daga nan maƙeran Abagayawa suka tashi neman tama har Dutsen Dala. Saita sauti ma sana'a ce, sai an zauna gaban gwani.

Don haka muna kira ga ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, da masarautar Gaya, da kwamitocin masallatai, su gayyato injiniyoyin gidajen rediyon Kano su horar da matasan da ke riƙe da waɗannan kaya kafin azumi mai zuwa. Iyaye kuma, don Allah ku janye 'ya'yanku daga gindin lasifika.