Maigida Ya Yi Ritaya Ya Daina Magana: Sammu Ne Ko Ciwon Damuwa?

 

Yau maganarmu a kan ma'aikata ce: wanda ya yi ritaya, da wanda aka sallama daga aiki, da wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa nesa da iyalinsa, da wanda ke kan aikin amma albashi ba ya kai shi rabin wata, musamman tun cire tallafin man fetur a 2023.

A Najeriya ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki. Ku duba fa, mutum ya shekara 35 yana tashi da safe ya san inda za shi, ana gaishe shi, ana jiran sa hannunsa. Rana ɗaya wayarsa ta daina ƙara, garatuti bai fito ba, ga yara a makaranta. Sai ka ga bawan Allah ya shige ɗaki, ya rage cin abinci, barci ya ƙaurace masa, abu kaɗan ya hau faɗa da uwargida. Nan take sai dangi su ce sammu ne, abokan aiki ne suka jefe shi. Wasu kuma su ce raunin imani ne.

Ra'ayina, a matsayina na mai ba da maganin Musulunci, shi ne yawancin irin wannan ciwon damuwa ne, kuma kai mutum wurin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam ba abin kunya ba ne, bai kuma saɓa wa tawakkali ba.

Da farko, baƙin ciki ba ya nuna raunin imani. Annabi Yakubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi. To wa ya isa ya ce wa mai damuwa imaninsa ne ya yi ƙasa?

Na biyu, magani ta hanyar zama a yi magana ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abu Zaid Albalkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rasa dukiya ko masoyi, wannan ana magance shi da nasiha da gyara tunani, da wanda ke saukar wa mutum ba tare da dalilin da ake gani ba, wannan yana da alaƙa da jiki, yana buƙatar magani. Yau shekara sama da dubu ke nan. Abin da masana ke yi yanzu, su zauna da kai su taya ka warware tunanin da ya cukurkuɗe, yana kusa da wannan ƙwarai.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, ai addu'a ta isa." Addu'a makamin mumini ce, babu ja. Amma wanda ya koya mana addu'a shi ne ya umarce mu da neman magani, shi ne kuma ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Wasu za su ce asibitin mahaukata ne. Wallahi da yawan masu zuwa can mutane ne masu cikakken hankali, barci ne ya gagare su ko fargaba ta dame su. Wasu kuma na tsoron tonon asiri, ko a ba su shawarar da ta saɓa wa addini. Wannan tsoron yana da tushe, amma riƙe sirri wajibi ne a kan likita, kuma kana da damar neman wanda ya san addininka da al'adarka. Musulmi masu wannan ilimi suna nan a Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri.

Ga abin da za a iya yi a gida. Talbina, wato kunun garin sha'ir da madara da zuma, ta zo a Bukhari da Muslim daga Nana A'isha cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana rage baƙin ciki. Mai ciwon suga ya kula da zumar. A rage goro da shayi mai ƙarfi bayan la'asar. A riƙa taka ƙafa bayan asuba, a lazimci jam'i da azkar. A auna jini a kai a kai, don damuwa da hawan jini abokan tafiya ne. A guji tramadol da ƙwayar barci ba da izinin likita ba. Wanda ya kusa ritaya kuma ya fara shiri tun da saura: gona, ko 'yar sana'a, ko komawa gaban malami ɗaukar karatu.

Amma in an kai mako biyu mutum ba ya jin daɗin komai, ba ci, ba barci, yana ganin kansa ba shi da amfani, to a haɗa da asibiti. In kuwa ya fara cewa gara mutuwa, ko yana rabon kayansa yana sallama, a ranar za a kai shi, kada a bar shi shi kaɗai.

'Yan uwana masu ba da magani, mu ji tsoron Allah. Sihiri gaskiya ne, ruƙya sunna ce, amma kada mu karɓe ɗan kuɗin fanshon bawan Allah muna ce masa an jefe shi alhali ba mu da hujja. Hakan na haddasa gaba tsakaninsa da mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, ciwon kuma yana ta cin sa.

Ke kuma uwargida, da ku 'ya'ya, kada ku riƙa yi masa gorin kuɗin cefane. Ku zauna da shi, ku nemi shawararsa a kan al'amuran gida, ya san har yanzu shi ne babba.

Allah Ya yaye wa duk mai damuwa damuwarsa, Ya sa mu gama da duniya lafiya. A tura wa wanda ake ganin zai amfana.

Wassalamu alaikum.