Daga Inkil zuwa Yankari: Baƙo na buƙatar labarin yanayi kafin ya ɗaura tafiya

A duwatsun Atlas na ƙasar Maroko akwai wurin shaƙatawa da ake kira Ukaimedan, kimanin kilomita 75 daga birnin Marakesh, inda jama'a ke zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. A Lesoto ma akwai Afriski, a tsayin da ya haura mita 3,000, wanda kasuwarsa ke ci daga Yuni zuwa Agusta. Irin waɗannan wurare, a Afirka da Turai, sun saba da sanar da baƙi halin da dutse ke ciki: kaurin dusar da ta kwanta, ƙarfin iska, tsananin sanyi, da hanyoyin da aka buɗe ko aka rufe. Mai niyyar tafiya yakan duba wannan rahoto kafin ya biya kuɗin masauki, domin yanayin ne hajar da zai saya.

Najeriya ba ta da dusar ƙanƙara, amma wuraren buɗe idonta su ma a kan yanayi suke tsaye. Tsaunin Mambilla a Taraba, da Obudu a Kuros Riba, da duwatsun Shere a gefen Jos, sanyinsu ne ke jan mutane. Dutsen Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsayi a ƙasar nan, ba ya hawuwa a kowane wata. Sai dai abin da matafiyi ya fi dogara da shi har yau shi ne kiran wani ɗan uwa ko direban da ya bi hanyar jiya.

Misali mafi kusa yana Bauchi. Wanda ya fito daga cikin gari ya kama hanyar Gombe zai ratsa Inkil, inda Malam Yakubu ya zauna kafin ya koma mazaunin birnin Bauchi na yanzu a 1809. Daga nan hanya ta miƙa zuwa Dindima, sannan a karkata zuwa ƙofar Yankari da ke Mainamaji. An keɓe wannan daji a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma ruwan Wikki da ke cikinsa yana nan da ɗuminsa na kusan digiri 31, rani da damina.

Ruwan Wikki ba ya sauyawa, amma duk sauran abin da baƙo ya je gani yanayi ne ke juya shi. Da rani, idan tafkuna suka ƙafe, ciyawa ta bushe, giwaye da ɓauna da gwanki sukan gangaro bakin kogin Gaji, sai ganinsu ya yi sauƙi. Da damina kuwa daji yakan rufe, dabbobi su watsu saboda ruwa ya wadata ko'ina, wasu hanyoyin cikin daji su yi laka. A tsakiyar hunturu kuma, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan dushe sararin sama, ta rage nisan da ido ke gani, ta jinkirta tashin jirage, ta kuma tayar wa masu asma ciwonsu. Ma'aikacin da ya tara albashi ya kwaso iyali daga Abuja a makon da bai dace ba zai koma gida da takaici, kuma da wuya ya sake dawowa ko ya tura wani.

Asarar ba ta baƙo kaɗai ba ce. Mai balangu da mai rake a bakin hanyar Inkil, da direban haya, da mai masauki a Bauchi, da ɗan jagora a cikin daji, duk suna cin abinci ne daga ƙafar da ke wucewa. Idan baƙi suka san makonnin da ganin dabbobi ya fi kyau, za su zo da yawa kuma su koma da yabo. Idan suka san ranar da hazo ya yi kauri, za su ɗage tafiya zuwa jibi maimakon su fasa ta ɗungurungum. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a kan titi mai hazo maganar ta wuce ta kuɗi, ta zama ta rai.

Kayan aikin ba su yi nisa ba. Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma bayar da hasashen kwanaki uku da gargaɗin ƙura. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana da jami'ai a kan manyan hanyoyi. Masu gadin daji sun san inda garken giwaye ya kwana. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan bayanai uku a gajeren rahoto guda: zafi da sanyin yini, nisan gani, halin hanya daga Bauchi zuwa Mainamaji, da dabbobin da aka gani jiya. A fitar da shi kowace safiya da Hausa da Turanci, a shafin intanet da WhatsApp da gidajen rediyon jihar.

Wasu za su ce tsaro da gyaran hanya su ne gaba, rahoton yanayi ado ne. Gaskiya ne babu sanarwar da za ta cike rami a kwalta. Amma gina hanya na cin biliyoyi da shekaru, shi kuwa wannan aiki yarjejeniya ce tsakanin hukumomin da tuni ake biyan ma'aikatansu. Sharaɗinsa ɗaya ne, wato faɗin gaskiya. Ranar da hanya ta lalace a ce ta lalace, domin rahoton da kullum ke cewa komai lafiya ba zai yi wata guda ba jama'a za su daina duba shi.

Akwai kuma ribar da sai an jima za a gan ta. Wuraren zamiya na duniya sun gane dusarsu na raguwa ne saboda sun daɗe suna aunawa suna rubutawa, ita kuwa gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Beijin a 2022 ta dogara kusan kacokan kan dusar da injina suka yi. Idan aka shekara goma ana rubuta ranar da hunturu ya sauka da ranar da ruwan Gaji ya ja baya, Yankari zai mallaki ma'aunin da zai nuna yadda sauyin yanayi ke taɓa shi.

Ma'aikatan tarayya da mataimakan da ke rubuta takardun shawara ga ministocin jiragen sama da na yawon buɗe ido su ne suka fi kowa damar ɗora wannan magana a kan tebur. A fara da hanyar Inkil zuwa Yankari a hunturu mai zuwa. Idan gwajin ya yi kyau, Gembu da Obudu da Jos suna jira.