Watannin SIWES ba hutu ba ne

A 1973 hukumar horar da ma'aikata ta ITF, mai hedikwata a Jos, ta ƙirƙiro shirin SIWES saboda masu masana'antu suna kukan cewa waɗanda suka gama jami'a sun haddace darasi amma ba su taɓa riƙe kayan aiki ba. Shirin yana tura ɗaliban injiniya, kimiyya da noma wuraren aiki, galibi na wata shida. Abin takaici, da yawa sun mayar da shi hutu: a nemi ofishin wani kawu, a leƙa jefi-jefi, ranar ƙarshe a cike littafin rahoto da biro kala biyu, a kai a buga hatimi. Wanda ya yi haka ya cuci kansa, domin mai ɗaukar ma'aikata abin da hannunka ya iya yake tambaya, da wanda zai tsaya maka shaida.

Za a ce masana'antu sun yi ƙaranci, yawancin masaƙun Kaduna da Kano sun rufe, alawus ɗin da ake ba ɗalibai kuma bai kai kuɗin mota ba, ga shi yana makara. Gaskiya ne, kuma wajibi ne gwamnati ta gyara. Amma ɗalibin injiniyan lantarki zai ƙaru sosai a shagon mai haɗa sola a Sabon Gari: ya gwada batir, ya hau rufi, ya ga yadda ake yi wa mai gida lissafin kuɗin aiki. Ya kamata jami'o'i su amince da irin waɗannan wurare, malamai kuma su riƙa kai ziyarar ba-zata.